Shatar Mota Daga Kano: Inda Asabar Da Lahadi Za Su Iya Kai Mutum

Wata Juma'a bayan La'asar na shiga tashar Unguwa Uku neman mota. Ba kujera nake so ba, motar gaba ɗaya nake so da direbanta, daga safiyar Asabar zuwa faɗuwar rana. Ɗan kamashon da na fara tara ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, biki ne ko rasuwa?" Na ce masa ko ɗaya, Tiga za mu je da iyali mu ga ruwa mu dawo. Ya ɗan yi shiru kamar mai jiran sauran bayani. Da ya ga babu, sai ya ƙwala wa wani mai Sienna kira, ya ce ga wani zai ɗauki shata, wai ruwa za su gani.

Wannan "wai" ɗin ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Bakano ba baƙon hanya ba ne. Kakanninsa sun yi fatauci da jakuna har Gwanja, sun ratsa hamada da ayarin raƙuma, wasu sun tafi Makka a ƙasa sun shekara bakwai kafin su dawo. Shi kansa yau yana iya kwana a mota zuwa Legas saboda kwantena ɗaya, ko ya tashi da asuba ya tafi Azare ta'aziyya ya dawo ya yi Magariba a masallacin unguwarsu. Amma ya fitar da kuɗi ya ɗauki mota don kawai ya je ya ga wuri, wannan sai a ce abin Turawa ne, ko na wanda kuɗi suka yi wa yawa. Na san dattijon da ya je Dubai sau goma sha, bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, alhali ya ratsa Daura ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ga abin da ya sa nake ganin asara ce. Cikin garuruwan Hausa Bakwai, wanda yake zaune a Kano yana cikin ɗaya. Rano tafiyar kamar awa guda ce. Daura da Zazzau kowanne kamar awa biyu. Katsina ta ɗan ɗara haka. Garun Gabas, wato Biram, tana can wajen Haɗeja, awa uku ko sama kaɗan. Gobir ce kawai ta yi nisa. Ke nan shida daga cikin bakwai mutum zai iya zuwa ya dawo ya kwana a gadonsa. Ban san wani babban birni a ƙasar nan da aka jera wa tarihi a bakin ƙofa haka ba.

Motar haya irin tamu

A Turai da Amurka, in an ce motar haya, mutum zai je kamfani ya nuna lasin da katin banki, a miƙa masa makulli, ya tuƙa abarsa ya dawo da ita ranar Litinin. A Kano akwai 'yan kamfanonin da ke ba da mota haya, galibi kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano da manyan otal-otal, amma kusan duk da direba suke bayarwa, kuma kuɗinsu na manyan baƙi ne da ma'aikatan ƙungiyoyi. Dalilin a fili yake. Wa zai miƙa wa wanda bai sani ba motar miliyoyin naira, a ƙasar da inshorar yawancin motoci ta nuna wa jami'in hanya ce kawai, kuma iyakar Nijar ba ta kai tafiyar awa uku ba? Wanda ya samu aka ba shi makulli, to ko dai ɗan uwa ne, ko an san gidan ubansa.

Abin da talaka da matsakaicin ma'aikaci suke da shi shi ne shata. Ka je tasha, ka yi ciniki da direba ta hannun 'yan yuniyan, motar ta zama taka na yini ɗaya ko biyu. Kowace shiyya da tasharta: masu Katsina da Daura da Nijar suna Ƙofar Ruwa, masu Haɗeja da Gumel suna 'Yankaba, Unguwa Uku kuwa nan ake samun na Zariya da Kaduna da Bauci da Jos. Hikimar ɗaukar mota a tashar da ke lodin garin da za ka ita ce direban ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Ya san ramin da ke bayan kwana, ya san gidan man da litarsa ta cika, ya san shingen da ake tsayawa da wanda ake ɗaga hannu a wuce, ya kuma san ƙauyen da ba a ratsawa bayan La'asar sakaliya. Rabin kuɗin da ka biya na wannan sanin ne. Taswirar da ke cikin waya za ta nuna maka gajeriyar hanya, amma ba za ta gaya maka ruwa ya cinye gadar tun damina ba.

Mutum huɗu Golf ko Corolla ta ishe su. Iyali mai yara sai Sharon ko Sienna. In gida biyu ko uku suka haɗa kuɗi, bas ƙirar Homa ta fi sauƙi in aka raba. A cinikin, tambaya ta farko da direba zai yi ita ce, "Mai naka ne ko nawa?" Amsar da na koya da tsada ita ce mai nawa ne. In ka bar masa, zai sa kuɗin mai har da na fargaba, sannan duk inda ka ce a ɗan karkata a ga wani abu sai ya ɓata fuska, ya ce ba a yi da shi za a bi nan ba. In kuwa kai ke zuba mai, ko dutse ka hango ka ce a tsaya, zai tsaya. Sai a yanke kuɗin yininsa daban, a faɗi wanda zai ciyar da shi, in da kwana a faɗi inda zai kwana, a kuma yi maganar lokacin dawowa tun a gaban ɗan kamasho. A rubuta lambar motar da lambar wayar direban a bar wa wani a gida.

Ba zan faɗi kuɗin shata ba, don kafin a buga wannan rubutu ya canza. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur lissafin hanya ya rikice. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Abin da ba ya canzawa shi ne nisan hanya da cikin mota. Sienna in ta yi lodi, lita ɗaya ba ta cika wuce kilomita 8 ko 9 ba. Tiga zuwa da dawowa kamar kilomita 150 ne, ka ga lita 20 ta isa har da yawo. Daura zuwa da dawowa ta kusa ninka haka. Kowa ya buga da farashin ranar da zai tafi.

Akwai kuma matsalar shi kansa "ƙarshen mako". Asabar da Lahadi hutun ma'aikacin gwamnati ne da ɗan boko. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa yana shago ranar Asabar. Yaran Islamiyya da na makarantar allo hutunsu Alhamis da Juma'a ne, don haka sai an nemar musu izini wurin malam. Ƙarfe sha ɗayan safiyar Asabar da Lahadi kuma na ɗaurin aure ne, kuma wanda aka kai wa goro bai je ba, zai sha ƙorafi har shekara. Sannan a tuna, Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Wanda ya yi shata a wannan rana, ko ya fice gari da asuba, ko ya zauna yana kallon direba yana kallon agogo.

Tiga

Mun bar gida bayan sallar Asuba, uwargida ta cika kula da dafa-duka da soyayyun kaji, yara uku a baya suna faɗa kan wanda zai zauna bakin taga. Muka hau titin Zariya ta Na'ibawa. Tun daga Kura ƙasa ta fara canza kama. Watan Fabrairu ne, ko'ina a Kano ƙura ce da hazo, amma nan hagu da dama kore shar: alkama, albasa, tumatir, masara, ga ruwa yana gudu a magudanan siminti. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir ne jere a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Ƙaramar 'yata ta tambaya ko nan damina ba ta ƙarewa. Direban ne ya riga ni ba ta amsa, ya ce ruwan da za mu gani ne yake zuwa nan.

Gaskiya ya faɗa. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ita ce uwar aikin noman rani na Kadawa da ya mamaye Kura da Bunkure da Garun Malam. Lokacin da aka gina ta, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Shinkafar Kura da muke ci, da tumatirin da ke karya farashi a 'Yankaba lokacin sanyi, da wani kaso na ruwan famfon birni, duk daga nan suke. Kafin a kai Tiga ana wuce Bagauda, ƙaramar madatsar da ta fashe a daminar 1988 ta yi ɓarna mai yawa. Otal ɗin da ke bakin tafkin, wanda iyayenmu suke ba da labarin zuwa shaƙatawa cikinsa, yanzu harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce.

Da muka hau kan bangon madatsar, yaran suka yi tsit. Wanda ya tashi a Kano, babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin unguwa, sai ko Kogin Wudil daga kan gada. Nan kuwa ruwa ne har inda ido ya tsaya, duwatsu sun leƙo daga cikinsa kamar bayan giwaye, iska mai sanyi tana kaɗo shi yana dukan dutse. Can nesa masunta biyu a kwalekwale ɗaya, ɗaya na tuƙi ɗaya na jan koma. Muka gangara inda suke fitowa. Wata mata tana suyar kifi a babban kasko, karfasa da tarwaɗa, tana barbaɗa yaji da hannun hagu tana juyawa da na dama, hayaƙin itace na shiga idonta ko a jikinta. Muka sayi na ci a nan, aka naɗe mana na tsaraba a takardar siminti. Kajin da aka soyo daga gida da su muka koma.

Abin da babu shi ma sai a faɗa. Ba mu ga inuwar da aka tanada don baƙo ba, ba mu ga banɗakin da mace za ta shiga hankali kwance ba, babu allo ko ɗaya da zai gaya wa yaro shekarar da aka gina wurin. Tabarmarmu muka shimfiɗa a gindin bishiya, butarmu muka yi alwala da ita. Masu kwalekwale suna tayin zagayawa da mutum, amma ban ga rigar ruwa ko guda ba, don haka na hana yaran, suka yi fushi da ni har Rano. Wanda ke da niyyar kwana ya bincika masauki tun daga gida, kada ya dogara da labarin da ya ji shekara ashirin da suka wuce.

Dawowa ba mu bi ta inda muka zo ba. Direban ya ba da shawarar mu zaga ta Rurum mu faɗa Rano, mu fito ta Bunkure. Duwatsun Rurum kaɗai sun isa a yi tafiyar dominsu: manya-manyan curi, wani a kan wani, kamar da hannu aka ɗora. Da man nasa ne, ba na jin zai ambaci wannan hanya.

Wani abu da ban gaya wa yaran ba a ranar, don kada in ɓata musu kallo, shi ne ruwan da aka tare a Tiga wasu aka tare wa. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ke cika fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina Tiga, sannan aka ƙara da madatsar Challawa a Ƙaraye a farkon shekarun 1990, ambaliyar ta ragu, kuma manoma da masunta da makiyayan can ƙasa sun ji a jikinsu. Wanda ya ga Tiga, ya kamata wani sanyin ya ɗauki mota a 'Yankaba ya je dajin Baturiya a ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu, ya ga ɗaya ƙarshen igiyar.

Shanun da ke jikin dutse

Tafiyar Birnin Kudu da abokai muka yi ta, mu biyar, kuma a nan na koyi duba bayan mota. Mun wuce Wudil lafiya, garin da kasuwar shanunsa ke ci ranar Juma'a, mun karya ta Kwanar Huguma, sai muka ji fas, motar ta fara ja gefe. Direba ya sauka yana salati, ya buɗe but, ya ciro safaya. Safayar ta fi wadda ta fashe laushi. Jak kuma wai ƙaninsa ya ara jiya. Muka zauna gindin wata tsamiya kusan awa biyu, shi kuma ya hau ɗan acaɓa rungume da taya ya tafi neman mai faci. Wani tsoho da ke kaɗa shanu ya tsaya ya yi mana sannu, ya aika yaro ya kawo mana ruwa a kwanon sha, ya tambayi inda za mu. Da muka ce duwatsu za mu gani, shi ma irin kallon ɗan kamashon nan ya yi mana. Tun daga ranar, kafin in biya kafin alƙalami sai na ce a buɗe but na danna safaya da hannuna, na ga jak da sifana, na duba ruwan lagireto da baƙin mai, na kuma ce a nuna mini takardun mota. Direban kirki ba ya jin haushin wannan.

Birnin Kudu tana jihar Jigawa, kamar kilomita 130 daga Kano. Yawancin mutane asibitin tarayya suka san ta da shi, sai kuma tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye manya da yawa, cikinsu har da Aliko Ɗangote. Amma a cikin duwatsun da suka kewaye garin, irin su Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen da ba a san wanda ya yi su ba. Sai ka sunkuya ka shiga ƙarƙashin wata rumfar dutse, idonka ya saba da duhu, sannan su fara fitowa: shanu da jan launi, masu dogayen ƙaho, wasu an cike jikinsu wasu zanen gefe kawai. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya tashi a rugar kakanninsa, shi ya fara lura. Ya ce, "Kai, waɗannan ai ba su da tozo." Haka ne. Shanun da aka zana irin marasa tozo ne, waɗanda yau ba a kiwon su a wannan yanki. Ke nan mai zanen ya rayu a zamanin da garken ƙasar nan ba irin wanda muka sani ba ne.

Kusa da zanen akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa, kuma duk sun lotsa sun yi santsi a inda hannaye suka daɗe suna duka. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, kuma wurin yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana. Mu dai mun tsaya mun yi ta kaɗa dutse kamar yara, har mai yi mana jagora ya gaji ya zauna. A nemi mai kula da wurin kafin a shiga, a sallame shi da abin kirki, kuma don Allah a bar rubuta suna da gawayi a jikin dutsen. Abin da ya shekara ɗaruruwa yana jiran ka ba ya bukatar lambar wayarka.

Daga nan Dutse ba nisa, babban birnin Jigawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Gari ne mai tsafta da shiru, ga dabino, kuma wanda ya makara ya fi masa alheri ya kwana nan da ya kama hanyar Wudil da dare.

Arewa: Daura da abin da ke bayanta

Hanyar Daura ta Ɗambatta da Kazaure take bi. In Lahadi ce, a yi haƙuri da cunkoson kasuwar Ɗambatta. A gefen hanya za a riƙa ganin aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, mai tsawon kilomita 284, da zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Rijiyar Kusugu tana tsakiyar gari, an yi mata gini an rufe. Duk ɗan firamare ya san labarin: macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon nan Bayajidda da ya zo da dare ya sare mata kai, Magajiya Daurama da ta aure shi, da Bawo wanda 'ya'yansa suka kafa sarautu. Malaman tarihi suna ta muhawara kan abin da ke gaskiya cikin labarin Bayajidda da abin da ke ƙagagge, kuma muhawara ce mai amfani. Amma ban ga ta hana kowa karɓar guga ba. Rijiyar ƙarama ce, ba ta kai girman da yaro ke zana mata a ransa ba, kuma har yau da ruwa a ciki. Za a jawo a miƙo maka, ka sha, wasu har su cika gora su kai gida. Fadar sarki tana kusa. Mai son ganin Daura a cike ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani a watan Maulidi. Tun bayan da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa a Yulin 2025, garin ya ƙara samun masu zuwa ziyara.

Daga Daura zuwa iyakar Kongolam tafiyar mintuna ce, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, da fadar sarkinta da unguwannin Birni da Zango masu gine-ginen ƙasa da zanen bango irin wanda Kano ta rushe nata. A da wannan ita ce tafiyar kwana ɗaya mafi daɗi daga Kano. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka na watanni, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ana shiga ana fita, amma ƙa'idojin takardu suna sauyawa, kuma ba kowane mai mota ne zai yarda motarsa ta tsallaka ba. A tambayi direbobin Ƙofar Ruwa da suka dawo a makon.

Katsina da Zariya kowacce ta cancanci rubutu nata, don haka a taƙaice. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kamar mita 15 da ake danganta shi da zamanin Muhammadu Korau, da tsohon ginin Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. A Zariya, wanda ya shiga masallacin Juma'a na ƙofar fada ya nemi a nuna masa tsohon ginin da ke ciki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830. Ya ɗaga kai ya dubi bakan-gizon da aka ɗaure da azara da ƙasa, ba siminti ba rodi. Titin Kano zuwa Zariya yanzu ya yi kyau, kuma kyan nasa shi ne haɗarinsa, don direban tasha in ya ga kwalta ta miƙe ƙafarsa nauyi take yi. Dokar hanya kilomita 100 a awa ta ba ƙaramar mota a babban titi. Kai ka ɗauki shata, kana da bakin cewa, "Malam, a rage, ba sauri muke ba." Fasinjan da ya biya kujera ɗaya ba shi da wannan bakin.

Yankari, da maganar da ba a so

Kowa in an yi zancen yawon buɗe ido Yankari yake fara ambata, kuma ta cancanta. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma yana cikin wurare kaɗan da giwaye suka rage a Nijeriya. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai dai daga Kano zuwa Bauci ta Ningi kusan kilomita 300 ne, sannan da sauran sama da 100 kafin a kai sansanin Wikki. Wanda ya tashi Asabar ya dawo Lahadi, mota ya je gani. Yankari ta hutun kwana uku ce, a bar Kano da hantsin Juma'a, a yi sallah a hanya, a kwana Bauci a karya da masa. Lokacinta kuma rani ne, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Kogin Gaji. A riƙe jakar abinci da kyau, gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar kowa.

Saura maganar tsaro, wadda duk mai rubutu irin wannan yake so ya tsallake. Ba za ta tsallaku ba. Dajin Falgore, da ke kan hanyar Jos, yana da kyan da zai iya gogayya da kowane daji a Arewa, amma sunan da ya yi na fashi da satar shanu ya sa har sojoji suka kafa sansanin atisaye a ciki, kuma ni ban kai iyalina ba tukuna. Yammacin jihar Katsina, su Batsari da Safana da Ƙanƙara, ba wurin yawo ba ne yanzu. A ƙarshen 2025 hare-haren sun taɓo har ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a cikin jihar Kano. Hanyar da ke lafiya wannan wata tana iya ɓaci wata mai zuwa, don haka labarin da ya fi na jarida sabo yana bakin direbobin da suka shigo tasha da safen nan. Ƙa'idata guda ce, kuma ban taɓa karya ta ba: duk inda muka je, La'asar a hanyar dawowa take samun mu, Magariba kuma a cikin gari.

Na sake komawa Unguwa Uku bayan wata biyu, na tarar da ɗan kamashon nan a kan bencinsa. Ya gane ni. Ya ce, "Alhaji mai ganin ruwa, yau kuma ina muka nufa?" Muka yi dariya. Da na zo tafiya sai ya biyo ni ya rage murya, ya tambaye ni nawa ne ya ishi mutum shida zuwa Tiga in sun haɗa kuɗi, don matarsa 'yar Bunkure ce, ta girma tana wanki a magudanar ruwan, amma ba ta taɓa ganin inda yake fitowa ba.

Wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya ba, ya fara da Tiga. Kilomita 70 ce, ana zuwa a dawo kafin La'asar. A tafi da tabarma da buta da ruwan sha, a danna safaya kafin a tashi, kuma kada a zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata. Allah ya kiyaye hanya.